Ƙwayar Awon Lantarki: Yadda Ake Saita Ta Don Ta Faɗi Gaskiya

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa unguwar Ƙofar Sauri a birnin Katsina a 'yan shekarun nan, idan ya ɗaga kai zai hangi fayafayan sola a kan rufin gidaje da shaguna. A ƙarƙashin yawancin waɗannan fayafayai akwai batir, a jikin batirin kuma akwai abin da mai gida yake ji da shi. Wani fanka ce da ƙwan fitila. Wani kuwa, kamar mai shagon magani, firiji ne cike da insulin na masu ciwon sukari da sauran allurai waɗanda ba sa jure zafi. Ƙa'idar ajiye irin waɗannan magunguna ita ce sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, alhali kuwa zafin Katsina a watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Idan batir ya mutu da tsakar dare, firiji ya yini a kashe, maganin zai iya raguwa da ƙarfi ba tare da kamanninsa sun sauya ba, mai ciwo ya saya ya yi amfani da shi bai sani ba.

Saboda haka tambayar da ke gaban mai irin wannan shago ita ce: wuta nawa firijin yake sha, kuma awa nawa batirin zai kai? Ido ba ya ganin lantarki, balle ya san kimarsa. Sai an auna. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wata 'yar ƙwayar na'ura da ke yin wannan awo, irin wadda masu gyaran rediyo da talabijin suke kira ayisi, da yadda ake saita ta, da kuma dalilin da ya sa saitin ya fi ita kanta ƙwayar muhimmanci.

Abubuwa uku da ake aunawa

Masu nazarin halittu sun saba da kwatanta lantarki da gudanar jini. Zuciya tana tura jini da wani ƙarfi, jinin yana kwarara da wani yawa, jijiyoyi kuma suna yi masa turjiya gwargwadon ƙuncinsu. Haka abin yake a cikin waya. Ƙarfin turin lantarki ana auna shi da bolt, yawan kwararar da amfiya, turjiyar kuma da om. A shekarar 1827 wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Simon Ohm, ya wallafa dangantakar da ke tsakaninsu: ƙarfin turi daidai yake da kwarara sau turjiya. Idan kuma aka ninka bolt da amfiya, sai a sami wat, wato yawan aikin da wutar take yi a kowace daƙiƙa.

Auna bolt abu ne mai sauƙi, domin a gefe ake tsayawa a taɓa wayoyi biyu. Auna amfiya shi ne mai wuya, domin sai an san duk abin da ya wuce ta cikin wayar. A nan tarihin unguwar da kanta zai taimaka wa mai karatu. Ƙofar Sauri ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar Katsina, tare da irin su Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Guga, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar 'Yandaka. A zamanin da ganuwa take tsaye, ayari ba ya shiga gari sai ta ƙofa. Idan masu shigowa kaɗan ne, ba a ganin cunkoso. Idan suka yi yawa, sai jama'a su taru a bakin ƙofa ta waje fiye da ta ciki. Sarkin ƙofa da ya san faɗin ƙofarsa zai iya kimanta yawan masu wucewa daga wannan bambancin cunkoso kaɗai, ko da bai ƙirga kai ɗaya ba.

Dabarar ke nan da masu lantarki suke amfani da ita. Sukan yanke wayar, su sanya wani ɗan guntun ƙarfe mai ƙaramar turjiya wadda aka san adadinta. Ma'aikata suna kiransa shant, a nan kuma za a kira shi mashigi. Duk wutar sai ta bi ta kansa, sai a sami ɗan bambancin bolt tsakanin bakinsa na shiga da na fita. Wannan bambanci ƙanƙane ne ƙwarai, dubbai na bolt ɗaya ne, wato milibolt. Don mai karatu ya gane ƙanƙantarsa, bambancin lantarkin da ke tsakanin ciki da wajen ƙwayar jijiyar ɗan Adam lokacin da take hutawa kimanin milibolt 70 ne. Irin wannan ƙaramin awo ne Alan Hodgkin da Andrew Huxley suka yi a Ingila a kan jijiyar wata dabbar teku, suka wallafa a 1952, aka ba su kyautar Nobel a 1963. Aikin da a wancan lokaci yake buƙatar ɗaki guda na kayan gwaji, yau ƙwayar da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba tana auna bolt mai wannan ƙanƙanta.

Ƙwayar da abin da ke cikinta

Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da suka fi yaɗuwa a hannun ɗalibai da masu ƙere-ƙere ita ce INA219, ta kamfanin Texas Instruments na Amurka. Tana aiki da wutar bolt 3 zuwa 5.5, tana kuma iya lura da layin da ƙarfinsa bai wuce bolt 26 ba. Ba ta da fuskar da za ta nuna lamba. Abin da ta auna takan mayar da shi alƙaluma, ta aika wa wata ƙaramar kwamfuta, kamar Arduino da aka fara ƙerawa a Italiya a 2005, ta hanyar wayoyi biyu kacal. Wannan hanyar sadarwa, mai suna I2C, kamfanin Philips ne ya fito da ita a 1982. Kowace ƙwaya tana da adireshinta, kuma ana iya jera har 16 a kan wayoyin nan biyu, ta yadda ɗaya za ta lura da faifan sola, ɗaya da batir, ɗaya da firiji.

A cikin ƙwayar akwai rijista shida, wato wuraren ajiye lamba. Huɗu na karantawa ne: bolt na mashigi, bolt na layi, amfiya da wat. Biyu kuwa mai aiki ne yake rubuta musu: rijistar tsari da rijistar daidaito.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya lura da kyau. Ƙwayar ba ta auna amfiya, ba ta kuma auna wat. Abu biyu kawai take aunawa da kanta: bolt na mashigi da bolt na layi. Amfiya da wat lissafi ne take yi, kuma lissafin ya dogara kacokan a kan lambar da aka rubuta mata a rijistar daidaito. Ita ba ta san irin mashigin da aka ɗaura mata ba. Tamkar mai awo ce a kasuwar hatsi wadda ba ta taɓa kuskuren ƙirga ba, amma wani ne yake miƙa mata kwanon awo. Idan aka ba ta tiya aka ce mudu ne, haka za ta ƙirga har buhu ya ƙare, kuma ba za ta yi shakka ba. Idan ba a rubuta komai a rijistar daidaito ba, sifili ne a cikinta, don haka amfiya da wat duk sifili za su nuna. Masu koyo da yawa sukan ɗauka ƙwayar ta lalace, alhali ba a ba ta kwanon awo ba ne.

Mataki na farko: zaɓen mashigi

A ɗauka firijin shagon nan mai aiki da batir na bolt 12 ne, yana shan amfiya 5 idan kwamfuresa tana juyawa, yana kuma fizgar fiye da haka na ɗan lokaci idan za ta tashi. Allon INA219 da aka fi sayarwa yakan zo da mashigi mai om 0.1. Iyakar abin da ƙwayar take iya karantawa a kan mashigi milibolt 320 ne, wato amfiya 3.2 a kan wannan mashigi. Amfiya 5 za ta haifar da milibolt 500, ta wuce iyaka. Bugu da ƙari, mashigin zai riƙa mayar da wat 2.5 zafi, ya ɗumama har dalmar da ta riƙe shi ta raunana.

Saboda haka sai a canza shi da mai om 0.01. Yanzu amfiya 5 za ta ba da milibolt 50, zafin da zai fita kuma rubu'in wat ne kawai. Idan aka ƙaddara cewa kwararar ba za ta wuce amfiya 15 ba ko da lokacin tashin kwamfuresa, mafi girman awo zai zama milibolt 150. Ƙa'idar ita ce a zaɓi mashigin da bai yi girman da zai ci wuta ya yi zafi ba, bai kuma yi ƙanƙantar da awon zai ɓace a cikin hayaniyar lantarki ba.

Mataki na biyu: rijistar tsari

A wannan rijista ake gaya wa ƙwayar yadda za ta yi aiki. Abubuwa huɗu ake zaɓa. Na farko, faɗin ma'aunin layi, bolt 16 ko 32. Batir na bolt 12 ba ya wuce kimanin bolt 14 da rabi lokacin caji, don haka 16 ya wadatar. Na biyu, faɗin ma'aunin mashigi: milibolt 40, 80, 160 ko 320. Tunda an ƙiyasta 150, sai a ɗauki 160. Na uku, yawan awon da za ta tara kafin ta fitar da matsakaici. Awo ɗaya yakan ɗauke ta kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma tana iya tara har 128 a cikin kimanin kashi 68 cikin dubu na daƙiƙa. Injin kwamfuresa da inbata suna sa wuta ta riƙa rawa, don haka awo ɗaya tak yaudara ne, kamar likitan da zai yanke hukunci a kan bugun zuciya ɗaya. Ga mai son sanin abin da batir yake bayarwa a yini, tara 128 ya fi dacewa. Na huɗu, ko ta riƙa awo babu tsayawa, ko sai an umarce ta, ko ta kwanta don tattalin wuta. Idan aka haɗa zaɓin bolt 16, milibolt 160, tara 128 a ɓangarorin biyu da awo babu tsayawa, lambar da za a rubuta ita ce 6143, wadda masu shirya kwamfuta suke rubutawa 17FF.

Mataki na uku: rijistar daidaito

Da farko sai a yanke darajar kowane taki ɗaya na rijistar amfiya. Rijistar tana da taki 32,768 a kowane ɓangare, na shiga da na fita. Idan aka raba amfiya 15 da wannan adadi, za a sami kimanin 0.00046. Don sauƙin lissafi sai a ɗaga shi zuwa 0.0005, wato rabin miliamfiya.

Daga nan sai a bi ƙa'idar da kamfanin ya bayar: a ninka darajar taki da turjiyar mashigi, sannan a raba 0.04096 da abin da aka samu. 0.0005 sau 0.01 ya ba da 0.000005. Idan aka raba 0.04096 da shi, an sami 8192. Wannan ita ce lambar daidaito. Takin rijistar wat kuwa kullum ninki 20 ne na takin amfiya, don haka a nan kowane taki wat 0.01 ne.

Yana da kyau a gwada lissafin. Amfiya 5 ta ba da milibolt 50, wanda ƙwayar take ajiyewa a matsayin 5000, domin kowane taki na rijistar mashigi kashi ɗaya cikin ɗari ne na milibolt. Sai ta ninka 5000 da 8192, ta raba da 4096, ta sami 10,000. Idan ƙaramar kwamfuta ta ninka 10,000 da 0.0005, amfiya 5 ta dawo daidai. Idan batirin yana kan bolt 12.4, rijistar wat za ta nuna 6200, wato wat 62.

Yadda ƙwaya take ƙarya ba da saninta ba

Kuskuren da ya fi hatsari ba ya zuwa da hayaƙi ko ƙara. Shirye-shiryen kwamfuta da ake saukewa daga intanet galibi an rubuta su ne don mashigin om 0.1, da lambar daidaito 4096 da taki na kashi ɗaya cikin goma na miliamfiya. Idan mai haɗi ya canza mashigi zuwa om 0.01 amma ya bar waɗannan lambobi, firijin da ke shan amfiya 5 zai bayyana yana shan rabin amfiya. Lambar za ta fito tsaf, ba ta rawa, har mai shago ya yaba wa firijinsa.

Ga abin da zai biyo baya. Batirin dalma mai amfiya-awa 100, bai kamata a zuƙe fiye da rabinsa ba idan ana so ya yi ƙarko. Saura 50 ke nan. Idan kwamfuresa tana aiki rabin lokaci, matsakaicin sha amfiya 2.5 ne, batirin zai kai awa 20. Ƙwayar da aka saita ba daidai ba za ta ce awa 200, fiye da kwana takwas. Mai shagon da ya gaskata ta zai ƙara fanka da fitilu a kan batirin, ya kwanta da kwanciyar hankali a makon da hazon hunturu ya rufe rana, ƙura kuma ta lulluɓe faifan sola. Rashin awo ya fi wannan, domin wanda ba shi da mita aƙalla yana cikin taka-tsantsan.

Akwai wasu kurakuran da suka cancanci ambato. Rijistar bolt na layi tana ɓoye alamomi a gurabenta uku na ƙarshe, don haka sai an raba lambar da 8 kafin a ninka ta da milibolt 4. Wanda ya manta zai ga batir na bolt 12 yana nuna kusan 100. Haka kuma ƙwayar ba ta riƙe saiti idan wutarta ta ɗauke ko ta yi ƙasa sosai. Takan koma yadda ta fito daga masana'anta, rijistar daidaito ta koma sifili. Shiri mai kyau yakan duba wannan rijista lokaci lokaci, ya sake rubuta ta. Idan kuma aka juya wayoyin mashigi, amfiya za ta fito da alamar ragi. Wannan alama tana da amfani a layin batir, domin ita ke bambanta caji da sha, muddin an san wane ɓangare ne wane.

Zafin Katsina da ƙarfen mashigi

Wasu masu haɗi, saboda tsada ko rashin samu, sukan naɗe guntun wayar jan ƙarfe su mayar da ita mashigi. Matsalar ita ce turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya na zafi. Tsakanin asubahin hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin bazara mai digiri 42, awon zai kauce da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kuma babu lambar daidaito ɗaya da za ta dace da lokutan biyu. Shi ya sa ake ƙera mashigi na gaskiya da haɗin ƙarafa irin manganin, wanda zafi ba ya sauya turjiyarsa sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Wurin da aka liƙa wayoyin awo ma yana da tasiri. Mashigin nan om 0.01 ne kacal. Idan dalma da guntun waya suka ƙara om 0.001 a tsakanin wuraren awo, an riga an sami kuskuren kashi 10 cikin ɗari. Maganinsa shi ne a bar manyan wayoyi su ɗauki wuta, a jawo wasu sirara biyu daga jikin mashigin kai tsaye zuwa ƙwayar. Wannan salon haɗi yana ɗauke da sunan Kelvin, masanin kimiyyar Birtaniya na ƙarni na 19.

Gwaji da mita

Bayan an gama saiti, sai a jona amintacciyar mita a layi ɗaya a kwatanta. Idan mitar ta ce amfiya 5.00, ƙwayar ta ce 4.85, sai a ninka 8192 da 5.00, a raba da 4.85. An sami kimanin 8445, amma rijistar ba ta karɓar lamba mara, don haka sai a rubuta 8444. A maimaita gwajin da ƙaramin kaya da babba. Daga nan ƙaramar kwamfuta za ta iya tara awon kowace daƙiƙa, ta fitar da amfiya-awa da suka shiga batir da waɗanda suka fita, ta kuma kunna ƙararrawa tun kafin firiji ya tsaya.

Iyakar ƙwayar

Bolt 26 iyaka ce ta gaske. Batir biyu da aka jera don bolt 24 sukan haura 28 lokacin caji, manyan fayafayan sola kuma sukan kusanci 40 idan babu kaya a kansu. Ga tsarin bolt 24 akwai 'yar uwarta INA226, mai jure bolt 36, wadda ta fi ta ƙwarewar awo, tana kuma da ƙafar gargaɗi. Sai dai lambobin lissafinta daban ne: 0.00512 a maimakon 0.04096, takin wat kuma ninki 25. Akwai kuma INA228 mai kai wa bolt 85, wadda take tara jimlar wuta da kanta. Dukkansu na wutar batir da sola ne. Ba a jona ko ɗaya daga cikinsu a wutar gari mai bolt 230. Yin haka yana ƙona na'ura, yana kuma iya kashe mutum.

Kammalawa

Ƙwayar awo ba ta maye gurbin ma'aunin sanyi da ke cikin firiji. Ma'aunin sanyi yana faɗin halin da magani yake ciki yanzu, ita kuwa tana faɗin abin da zai faru nan da wasu awanni, lokacin da akwai sauran damar kashe fanka, goge faifai ko kwashe magani zuwa wani firijin. Haɗa irin wannan na'ura bai fi ƙarfin ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina ba, kuma ɗakunan gwaji masu ajiye jini, iri da ƙwayoyin cuta suna buƙatarta kamar yadda shagon magani yake buƙata. Abin da ake nema daga mai haɗawa shi ne ya san turjiyar mashiginsa, ya yi lissafin daidaito da hannunsa, ya gwada da mita, sannan ya rubuta lambobin a takarda ya manna a jikin akwatin, domin wanda zai zo gyara bayansa ya san da wane kwano aka yi awo.